Wai Ni Ce Ta Ƙarshe

'Yata ta tsaya a gaban mutane cike da zaure, ta nuna ni da hannu ta ce ni ce ta ƙarshe, su kuma suka tafa. Ban yafe tafin nan ba, kuma ba na jin zan yafe. Wanda ya ga laifina ya gani. Ba a tafa wa mutum don abin da ya gada ya ƙare a hannunsa.

Amma in ban faɗi ƙarshen mene ne ba, za a ce tsohuwa ce kawai take mita, saboda haka bari in koma baya.

Mu mutanen kan dutse ne, 'yan kaɗan, irin waɗanda in suka faɗi sunan ƙabilarsu a kasuwa sai a ce su maimaita. Hausa a kasuwa muka tsince ta, daga baya ta biyo mu har ɗaka ta zauna a kan harshenmu, shi ya sa yau da ita nake rubutu, da ita nake faɗa, har mafarki da ita nake yi. Abin da na fi tunawa da ƙuruciyata ba fuskoki ba ne, ƙara ce. Tun gari bai waye ba za ka ji dutsen niƙa daga wannan gida yana amsa wa na wancan, awaki suna kuka a bayan shingen ƙyarana, tulu yana bugun tulu a hanyar rafi, wata uwa tana ƙwala wa ɗanta kira daga kan wani falale, dutse yana mayar mata da muryarta. Sai hayaƙi. Kowane ɗaki hayaƙi yake fitarwa ta cikin jinka, kuma da shi muke sanin lafiyar juna. In rana ta ɗaga ba a ga hayaƙin wance ba, ba a jiran aike, sai dai a ajiye abin da ke hannu a tafi. Nan inda nake zaune yanzu a garin Greenbelt na Amurka, bene ne mai ƙofofi a jere, duk launi ɗaya. Kowa yana girki, ba ka ganin hayaƙin kowa. In ma hayaƙi ya kuskura ya tashi, akwai wata 'yar na'ura a manne a rufi da za ta kama ihu kamar an yi sata. Mutum zai iya kwana uku a mace a bayan ƙofarsa, maƙwabcinsa yana wucewa da ledar cefane.

A wurinmu maza ubanni suke ƙirgawa: wane ɗan wane, jikan wane, har su kai kan wanda ya sari gonar farko. Mu mata ba haka muke ƙirga ba. Wuta muke ƙirgawa. Ranar da yarinya ta tare a ɗakinta, murhunta a sanyaye yake kwana. Ba ta kunna shi da kanta, uwar da ta haife ta ma ba ta kunna mata. Da safe wata babbar mace, wadda ba jininta ba, ba kuma jinin mijinta ba, ita za ta ɗebo garwashi daga nata murhun a cikin tsingaro, ta tako har ƙofar amarya ta tsaya. Ba a roƙon ta, ita take zaɓa. In amarya ta buɗe ta karɓa, daga ranar wannan mata ta zama uwar wutarta. Ita za ta riƙe mata baya a kan gwiwa. In miji ya ɗaga mata hannu, ɗakin uwar wuta za ta gudu, kuma babu namijin da ya isa ya tsallake wannan ƙofa. Ita kuma yarinyar abu ɗaya ke kanta: ranar da uwar wuta ta cika, ita za ta rufe mata ido, ta wanke ta, ta zuba ruwa a murhunta. Tsofaffinmu sukan ce uwa ba ta ba 'yar cikinta wuta saboda kada gida ya rufe a kan kansa. In kina so wutarki ta kai ga 'yarki, sai kin fara ba wata. Ita watan ce za ta ɗauka ta kai wa 'yar taki. Dole ta zaga ta gidan bare kafin ta dawo.

Tawa uwar wutar Iya muke ce mata. Ba ma 'yar dutsenmu ba ce, daga mutanen ƙasan dutse aka auro ta, har ta mutu tana karya harshenmu yara suna kwaikwayonta a ɓoye. Gajera ce, tana ɗingishi, ga masifa. Ni ban taɓa tsammanin ita za ta zo mini ba, don ta sha kora ta daga gindin ɗorawarta da tsumagiya. Safiyar da na tare, ina zaune a ɗaki mai warin sabon daɓe, ina jin sanyi, ina jin tsoro, ina lissafin matan da za su iya zuwa, sai na ji taku ɗaya mai nauyi ɗaya mara nauyi. Na buɗe asabari na gan ta riƙe da tsingaro, ta rufe shi da tafin hannu saboda iska, hayaƙi yana fita ta tsakanin yatsunta.

"Za ki karɓa ko sai na ƙone?" Abin da ta ce ke nan.

Na durƙusa na karɓa. Ta tsugunna ta nuna mini yadda ake jera ƙirare, ta ce in hura. Na hura da ƙarfi toka ta cika mini ido. Ta ce, "A hankali, shashasha, ba faɗa kike da ita ba." Da ta kama, sai ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafar nan mai ciwo, ta faɗa mini wadda ta ba ta wuta, da wadda ta ba waccan, tana ta jero mata har ta kai kan sunayen da babu wanda ya san kabarinsu. Ta sa na maimaita har na riƙe. A ƙarshe ta ɗora sunana a kai. Ban taɓa jin sunana da nauyi irin na ranar ba.

Na ci moriyar Iya. Sau ɗaya mijina, Allah ya ji ƙansa, ya sha ya mare ni, na gudu wurinta da goyo. Ya biyo ni yana hargagi. Iya ta jawo turmi ta kife a bakin ƙofa ta zauna a kai, ta ɗora taɓarya a cinya. Ya yi ta zagaye har rana ta yi zafi, maza 'yan'uwansa suna kallo daga nesa, babu wanda ya matso. Bai sake ba har ya bar duniya. Da Iya ta cika, ni na rufe mata ido. Na wanke ta da ruwan ɗumi, na wanke ƙafar nan da ta tako mini da ita, sannan na ɗauki ƙwarya na zuba a murhunta. Ƙarar da garwashin ya yi har yau tana kunnena.

Da lokacina ya yi na bayarwa, duniya ta riga ta juya. Mun sauko daga dutse mun zauna bakin hanyar mota. Wasu sun shiga majami'a, ni ma a cikinsu nake, wasu sun shiga masallaci, kuma a kan wannan abu ɗaya fasto da liman bakinsu ya zo ɗaya: wai tsafi ne. Ga ashana ta yi arha, ga risho. Duk da haka na zaɓi wata yarinya marainiya da ta tare kusa da mu, na ɗebi garwashi na je na tsaya. Ina jin motsinta a bayan ƙyaure. Mijinta ne ya fito, mai wa'azi ne sabon shiga, ya ɗauko buta ya tsiyaye ruwan a cikin tsingarona, a hankali, yana kallon idona, ya ce, "Mama, mun bar duhu." Na koma gida da baƙin ruwa yana bin hannuna. Bayan wannan babu wata mace a garinmu da ta sake ɗaukar wuta zuwa ƙofar kowa.

Karatu kuwa sai da furfura ta fara fito mini na same shi. Ajin yaƙi da jahilci na shiga bayan rasuwar mijina, ina zaune a kan benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana, ina riƙe fensir kamar mai riƙe muciya. Da 'yata ta ɗauko ni zuwa Amurka don in riƙe mata yara, sai na sake komawa aji a ɗakin karatu na unguwa, ni da matan Habasha da na ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba, muna lanƙwasa harshe. Ba don in nemi aiki na yi ba. So nake in karanta abin da 'yata take rubutawa a kaina ba tare da wani ya tace mini ba.

Don ita aikinta ke nan. Tun tana jami'a a gida ta kama nazarin yadda ƙananan ƙabilu suke ƙulla zumunta, wa ke gadon wa, wa ke auren wa, ina mace take tsayawa a ciki. Ba zan rage mata komai ba, ta sha wuya. Ta hau dutsenmu da ƙafa tana bin tsofaffi da na'urar ɗaukar magana. Ta je har ƙasar Sin wurin wasu mutanen kan duwatsu da mata ke riƙe gida, kawu ke renon yara, ta dawo a rame tana tari. Ta yi shekaru tana koyarwa a kan kujerar da ko yaushe za a iya janye mata, tana barin gida da duhun safiya ta bi jirgin ƙasa na Metro zuwa cikin Washington, ta dawo ta zauna kan takardun ɗalibai abinci yana hucewa a gabanta. Turawan da suka riga ta zuwa wajenmu maza kawai suka tambaya, sai suka rubuta cewa matanmu ba su da dangi sai na miji. Ita ce ta ce ƙarya ne. Ta zana taswirar zumunta irin tasu, maza da alama mai kusurwa uku, mata da zagaye, sannan ta ɗauki jan alƙalami ta ja wani layi da ba su taɓa gani ba, yana fita daga wannan mace ya tsallake gidaje ya faɗa kan waccan. Da jan layin nan ta yi suna. Da shi ta sayi gida a unguwar Mitchellville mai ɗakunan da ba a kwana a cikinsu. Na yi alfahari, ban ɓoye ba. Na bi littafin da yatsa layi layi, damina guda da rani guda, har na kai ƙarshe.

A tsakanin nan ne wata 'yar majami'armu, ma'aikaciyar jinya daga Filato, ta rasu. Muka je gidan da ake shirya gawa. Na tambaya wa ya wanke ta, aka ce ma'aikata. Wasu mutane ne masu safar hannu, ba su san sunanta na gida ba, ba su san ta taɓa haihuwa ba. Sun shafa mata jan baki, ita da ba ta taɓa shafawa ba tana da rai. Na tsaya ina kallon ta, sai na ga kaina a kwance. Tun ranar abin bai bar ni ba. Ba mutuwa nake tsoro ba, na tsufa da wannan. Hannun da zai juya ni nake tunani.

To ana nan aka ƙara wa 'yata girma, ta zama cikakkiyar farfesa, aka shirya mata lacca a jami'arsu. Ta saya mini sabon leshi, aka zaunar da ni a layin gaba. Turancinta na kan mumbari ya fi ƙarfina, rabi nake kamawa, amma da aka haska taswirar a bango ban nemi tafinta ba. Ga jan layin yana gangarowa, yana lanƙwasa daga gida zuwa gida, duk sunayen da Iya ta sa na haddace. Ga Iya. Ga ni a ƙasanta. Daga ni sai farin bango. Sai na ji ta ce al'adar ta mutu, mace ɗaya ce ta rage a duniya da aka kai wa wuta, kuma ga ta nan zaune. Ta nuna ni. Suka juyo gaba ɗaya, suka tafa, wasu har da miƙewa. Bayan an tashi wani dattijon Bature ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce ya yi sa'a da ya gan ni. Haka ake ce wa wanda ya je kallon namun daji ya tarar zaki bai yi barci ba.

A hanyar komawa 'yata ce ke tuƙi. Da muka hau babban titin Beltway, motoci suka cushe, ba gaba ba baya.

Ta ce, "Mama, kin yi shiru. Takalmin ne yake matsa miki?"

Na ce, "Yaushe ne jana'izar? Tunda an riga an yi wa'azin."

"Haba Mama."

"Kar ki haba ni. Kin sa mini leshi kin kai ni an yi kallo. Da kin faɗa mini, da na zo da tsingaro da ganye a ƙugu, su ƙara jin daɗi."

"Girmama ki na yi. Aikina ke nan, in faɗi abin da yake akwai. In ce yana nan alhali babu? Shekara nawa rabon da a kai wa wata wuta? Ke kika ba ni labarin mai butar nan da bakinki."

"Na ba ki labari ne a matsayin uwarki, ban ce ki sa mini hatimi ba. Likita ma sai numfashi ya tsaya yake rubuta takarda. Ni ina numfashi, Farfesa."

Ta san in na ce mata Farfesa ba yabo ba ne. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu tana kallon motar gaba. Can sai ta ce, da wata murya da rabona da ita tun tana 'yar makarantar kwana, "Ke aƙalla an kawo miki. Ni fa? Ranar da na tare a ƙasar nan, maɓalli na murɗa, ƙarfe ya yi ja, na dafa taliya na ci a tsaye. Na zaga duniya ina tambayar matan mutane wa ya kunna musu murhu. Kin san sau nawa suka juyo suka ce, ke fa, wa ya kunna miki? Sai in yi dariya in canza magana. Da na haifi ta farin, wata baƙuwa ce ta riƙe mini hannu, da lokacin tashinta ya yi ta duba agogo ta tafi."

Na ce, "Kin fi kowa sanin uwa ba ta ba 'yarta."

"Na sani. Babi guda na rubuta a kai. Sai ta zaga ta gidan wata." Ta share ido da bayan hannu. "To ina watan, Mama? Nuna mini ita in goge abin da na faɗa."

Ta sauke ni a ƙofar benenmu, ta ce in gaishe da ƙafa, na ce ta gaida yara. Haushina bai sauka ba, sai ma ya ƙaru, don yanzu ya rasa wanda zai kama. Ashe mu biyu ne a cikin ramin, ita tana rubutu a ciki, ni ina zagi.

Ina hawa matakala sai ƙanshin turaren wuta ya tare ni. Ƙofar da ke kallon tawa ta wata yarinya ce 'yar Damagaram, ba ta daɗe da zuwa ba, mijinta tasi yake ja, ba ya dawowa sai ya ga hanya ta yi shiru. Ciki gare ta, ya fara nauyi. Duk benen nan ita kaɗai ke da garwashi mai rai: tana da ɗan kasko na turare, tana da ƙaramin murhun shayi da take ɓoyewa a baranda don kada masu gida su gani. Ta cire wa na'urar rufin nan batir, ni na san haka, ban gaya wa kowa ba. In ta gan ni har ƙasa take durƙusawa. Ranar ma ta leƙo ta karɓi jakata.

"Inna, sannu da dawowa. Kai, wannan leshi! Biki aka yi ba a gayyace ni ba?"

"Biki aka yi, 'yar nan. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Lokotoron asibiti ya ce saura kaɗan." Ta yi murmushi, sai murmushin ya tsaya a rabi. "Sun hana mamata biza, Inna. Sau biyu ke nan. Lokotoron ya ce kar in damu, akwai ma'aikata."

Na shiga ɗaki na zauna ban ko cire ɗankwali ba. Na kawo wa kaina duk dalilan da za su hana. Ba 'yar dutsenmu ba ce. To Iya ma ba 'yar dutsenmu ba ce. Musulma ce, ni ina zuwa majami'a, ban sani ba ko addininta zai bar ta ta wanke ni, ban kuma sani ba ko mijinta ma yana da tasa butar. Abu ne mai nauyi a ɗora wa 'yar mutane: ki karɓi wannan, ki rufe mini ido, kuma wata rana ki ɗauka ki hau mota ki kai wa wata farfesa da ta girme ki, mai gida a Mitchellville. Za ta iya yi mini dariya. Za ta iya jin tsoro ta daina gaishe ni, in rasa ko ɗan durƙuson da nake samu. An taɓa kashe mini wuta a hannu, na san yadda ruwan yake bin gwiwar hannu. A shekaruna ban tabbata zan iya ɗaukar na biyu ba.

Da gari ya waye na ɗauko tukunyar furen da jikokina suka ba ni, na juye ƙasar, na buga ta a bakin matakala ta rabe biyu. Na sauka bayan bene inda ake gasa nama lokacin zafi, na tsinci ragowar gawayi, na jera ƙirare yadda aka nuna mini. Gwiwoyina suna ƙara, wani mai yawo da kare ya tsaya yana kallo, na bar shi ya kalla. Na hura a hankali. Da ta kama, na faɗi sunayen nan duka a bayyane, tun daga na farko har Iya, har ni. Na kwashe garwashin a tsingaro, na rufe da tafin hannu, na hau matakala ina hutawa, hayaƙi yana fita ta tsakanin yatsuna.

Na tsaya a ƙofarta na buga da ƙafa, don hannuwana duka a cike suke. Na ji takunta mai nauyi yana matsowa.

"Wane ne?"

Na ce, "Ni ce, 'yar nan. Buɗe, hannuna yana ƙuna."